Algaitata da Waƙar Kicin ɗin Umma

Ba zan taɓa mantawa da yammacin bikin ƙanwata Zainabu ba, kuma ko na so in manta, mutanen Makka ba za su bar ni ba. Har yau idan na shiga shagon aski a unguwar Shisha sai wani dattijo ya leƙo ni ta madubi, ya tambayi na kusa da shi ko wannan ne yaron nan mai algaita. Ni ne. Na haura talatin, ina da gemu, ina da aikin karɓar baƙi a wani otal kusa da Harami, amma ni ne yaron nan mai algaita. Ga yadda aka yi na samu sunan.

A unguwar Nakkasa ta Makka aka haife ni, can saman dutse inda mota ba ta kaiwa. Da aka rushe gefenmu sai maƙwabta suka watse, wasu Shisha, wasu bayan gari, wasu har Jidda. Abin da ya ƙi watsewa shi ne ƙungiyar 'yan busa ta unguwa, wadda take nan tun zamanin kakanninmu. Duk Juma'a bayan la'asar sukan haɗu a wata istiraha da ke hanyar fita gari, wato irin gidan nan mai fili da ake kamawa don biki. Akwai direban tasi a cikinsu, akwai mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, akwai ma'aikacin asibiti da yakan zo da rigar aikinsa. Kayan kuwa algaitu ne, da sarewa, da wata begila da ta sha faɗuwa, da ganga, da kakaki guda tilo wanda ake kwance shi gunduwa-gunduwa a zuba a jaka kamar sandunan labule. Duk wani ɗan Nakkasa da zai aurar ko zai yi suna, su ake kira, kuma a wajen busar nan ne mutanen da suka yi shekara ba su ga juna ba suke gaisawa.

Shugabansu Malam Tanko ne, Sarkin Busa, wani Basakkwace mai ƙaramin jiki da manyan kumatu. 'Yan karan da ake sawa a bakin algaita daga gida ƙasar Hausa alhazai suke kawo masa, yana ajiye su a gwangwanin shayi, kuma na rantse ya fi tsaron gwangwanin nan a kan iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar. Dokokinsa ba su da yawa. In an kira salla, kowa ya sauke abin busarsa ko da a tsakiyar numfashi yake. Sabon shiga kuma layin baya yake tsayawa, ya riƙe murya ɗaya a ƙasa, kada ya kuskura ya busa taken kowa sai Sarkin Busa ya ba shi izini da bakinsa.

Bari in yi bayanin take, don a nan gizo yake saƙar. Kowane babban mutum a cikin tsofaffinmu yana da 'yar busarsa ta kansa, wadda da zarar an ɗauko ta zai miƙe ya ɗaga hannu ya yi jinjina. A kunnen tsofaffi algaita magana take yi, suna jin sunan mutum da kirarinsa rangaɗaɗau. Mu kuwa da aka haifa a nan, da Larabci ya fi Hausa gudu a bakinmu, daɗin sautin kawai muke ji. (Ni da ko lissafin kaina da Larabci nake yi, ina zan ji Hausar algaita?)

Na shiga ƙungiyar ne ba da son ran Baba ba. Mahaifina tela ne, mutum mai shiru wanda zai iya yini a kan keken ɗinki bai ce uffan ba. A ganinsa busa roƙo ce, kuma bai ga dalilin da ɗansa mai albashi zai tsaya gaban jama'a yana kumbura kumatu ba. Bai yi mini faɗa ba, don ba ya faɗa. Wata safiya dai yana zare allura ya ce ya bar ni in yi wa ƙanwata busa a bikinta, amma washegarin biki in mayar wa mutane da kayansu. Ya faɗa sau ɗaya, kuma a gidanmu abin da Baba ya faɗa sau ɗaya ya zauna.

Ni kuma na ƙudura a raina cewa ba zan mayar ba. Ina son algaitar nan, so na gaskiya. Idan na sa ta a baki nakan ji kamar na koma lungunmu na Nakkasa da yanzu ko alamarsa babu. Sai na yanke cewa ranar bikin zan yi wa Baba busar da za ta sa ya janye maganarsa da kansa. Matsalar ita ce Baba ba shi da take. Ya taso talakan tela ne, ba wanda ya taɓa yi masa. A irin haka Malam Tanko yakan busa wata busa ta gama-gari da ake yi wa duk uban amaryar da ba shi da tasa, kuma ni na ga wannan ba za ta girgiza Baba ba.

A nan dabara ta faɗo mini. Tun ina goye Umma take da wata waƙa da take yi a kicin. Ba ta furta kalma, da hanci take yin ta, tana suyar masa ko tana wanke shinkafa. Waƙa ce mai hawa a hankali, ta yi wani lanƙwaso a tsakiya, sannan ta sauko kamar mai saukowa daga bene da takalmi mai tsini. Na taɓa tambayar ta wace waƙa ce, ta ce mini tsohuwar busa ce ta Nakkasa, ta yi murmushi ta ci gaba da juya masarta. Na kuma lura cewa duk lokacin da ta fara, Baba yakan ƙara muryar rediyo ko ya ɗauki shayinsa ya fita baranda. Sai na haɗa waɗannan hujjoji da kaifin basirata, na gano cewa busar ranar aurensu ce, Umma tana murmushi don tunawa, Baba kuma yana fita don kunya irin ta mutanen da. (Ku riƙe wannan kaifin basirar, za mu dawo kansa.)

Na fara koyon ta a ɓoye. A gida ba dama, don maƙwabcinmu Bamisire ya taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa yana tambaya ko akuya ce ta maƙale a bututun ruwa. Don haka in na tashi daga aiki sai in tuƙa mota in nufi hanyar Jidda, in samu wani fili bayan gidan mai, in ɗage gilasai in yi ta busa har leɓena ya mutu. Wata rana 'yan sanda masu sintiri suka tsaya, ɗayansu ya leƙo ya ga ƙato da kumatu kamar ya cusa lemo biyu a baki, ya tambaye ni ko lafiya. Na ce atisaye nake yi. Ya ce Allah ya ba ni lafiya, suka wuce.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne numfashin mai algaita, wato ka tara iska a kumatu kana busawa da baki, kana shaƙar wata ta hanci, ba tare da sautin ya yanke ba. Malam Tanko ya ce da tsinken shan lemo da kofin ruwa ake koyo, kumfa ta yi ta tashi kada ta tsaya. Na sha ruwa ta hanci har na gode Allah. A wajen aiki ma ina da kofina a ƙarƙashin kanta, in babu baƙi in sunkuya in yi ta ɓulɓul. Manajanmu ya kama ni sau ɗaya, na ce masa maganin ciwon maƙogwaro ne. Ban fasa ba. Kafin biki ya zo sai da na kai ina iya busa waƙar Umma daga farko har ƙarshe, in maimaita, in sake maimaitawa, ban tsaya ba.

Na so in busa wa Malam Tanko ya ji, har na buɗe baki wata Juma'a muna wanke kofunan shayi. Sai na tuna da dokarsa, na san zai ce in koma layin baya in riƙe muryata ɗaya. Na ce a raina gara ya ji ta tare da kowa, in ya ga yadda jama'a suka karɓa ba zai iya cewa komai ba. Wannan hasashen nawa kam ya tabbata, don kuwa a gaban jama'a ya kasa cewa komai.

Ranar biki aka shimfiɗa dardumai a filin istiraha, maza a nan, mata a ɗaya gefen katanga. An ja waya an kafa musu lasifika don su ji busa da duk abin da aka faɗa. Abokina Faisal ne mai gabatarwa, mutumin da in ya riƙe makirufo sai an roƙe shi ya saki. Bayan la'asar aka ci shinkafa da nama, aka zagaya da shayi, muka jeru. Kakaki ya buɗe fili, aka yi taken kakan ango ya miƙe ya yi jinjina, aka yi na wasu dattawa. Ni ina layin baya da sabuwar farar riga da Baba ya ɗinka mini da hannunsa, ina riƙe da muryata ɗaya.

Da aka zo kan uban amarya, Malam Tanko ya ɗaga algaitarsa zai ɗauko busar gama-gari. Kafin ya cika kumatu na ratsa tsakanin mai sarewa da mai begila na fito tsakiyar fili. Na tsaya gaban Baba, na saita bakin algaita daidai kunnensa na dama, na ɗauko waƙar Umma.

Gaskiya ta fita da kyau, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Tsohon mai gangarmu hannunsa ya bi ni da kansa, ya yi 'yan bugu masu daɗi, sai kuma na ji ya tsaya cak. Hira ta ɗauke. Masu zuba shayi suka tsaya da butoci a hannu. Na saci kallon dattawan layin gaba na ga bakunansu a buɗe, na ce a raina to, yau an san akwai mabushi a gidan tela. Baba kuwa ya ƙura wa kofin shayinsa ido bai ɗago ba, ni kuma na fassara hakan da cewa hawaye yake ɓoyewa. Sai na ƙara ƙarfi.

Can daga baya wani tsoho ya miƙe. Dogo ne, gemunsa ja da lalle, da wani ƙaton agogo mai ruwan zinariya a hannu. Na san shi sama-sama, Alhaji Mudi, wanda ya yi shagon agogo a Jarwal shekara da shekaru, kuma ta wajen dangin ango aka gayyato shi. Ya ɗaga sandarsa sama ya yi jinjina, ya taho yana taku ɗai-ɗai yana rangaji, hawaye na bin gemunsa. Na ɗauka tsohon abokin Baba ne da ya halarci aurensu. Na ji ana jan rigata ta baya, na waiga da ido na ga Malam Tanko ne, yana yi mini alama da hannu in sauke. To ai ni na koyi numfashin da ba ya yankewa, kuma ban sha ruwa ta hanci don a tsayar da ni a tsakiya ba. Na kauce masa na sake ɗauko ta daga farko.

Da na ga dama na sauke. Alhaji Mudi ya iso gabana, ya cire jan gyalen nan na kansa, shimagi, ya yafa mini a kafaɗa, wanda a wurinmu babbar karramawa ce ga mabushi. Faisal ya ga abin tarihi yana faruwa, ya rugo ya cusa makirufo tsakaninmu.

"Ɗana," in ji Alhaji Mudi, "wanda ya yi wannan busar ya rasu tun ba a haife ka ba. Na ɗauka ta bi shi kabari. Wa ya koya maka?"

Jama'a, da na yi shiru da an ce kuskure ne na yaro. Da na ce a wani tsohon kaset na ji, da an yi dariya an wuce. Amma ni sai na karɓi makirufo daga hannun Faisal, na gyara tsayuwa, na gyara shimagin a kafaɗata.

"Wajen Umma na koya," na ce. "Kullum da safe sai ta yi ta a kicin. Wallahi tun ina yaro ba ta taɓa fashi ba."

Muryata ta fita ta lasifikar maza, ta fita ta lasifikar mata, ta bugi katanga ta dawo mini. Daga gefen mata wata ta fara guɗa, aka toshe mata baki a tsakiya. Sai ƙarar faranti ya faɗi. Sai wata dariya ta tsofaffin mata ta tashi, irin wadda ake yi ana riƙe ciki ana salati. Alhaji Mudi ya dafe ƙirji ya dubi katangar nan ta mata kamar zai gan ta ta cikin bulo. Baba ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofin a hankali, ya ce wa na kusa da shi magariba ta kusa.

Malam Tanko ya ja ni ta hannun riga har bayan tankin ruwa. Ban taɓa ganin kumatunsa sun faɗa haka ba.

"Kai wanga yaro, ka san mi ka busa?"

Na ce busar auren Umma da Baba.

Ya rufe ido ya yi salati. Sannan ya gaya mini abin da algaitata ta yi ta faɗa a kunnen mahaifina, a gaban surukansa, da iyakar ƙarfina: Mudi mai agogo, Mudi na Rabi, ko an daɗe Rabi ta Mudi ce. Rabi sunan Umma ne (Allah ya yafe mini da na rubuta shi). Ashe Alhaji Mudi ya nemi aurenta tun tana budurwa, shi ya sa aka yi masa wannan take, ya kuma sa aka yi ta busa shi a kowane biki na Nakkasa don ya shiga kunnenta. Da ta zaɓi tela, sai 'yan busa suka ajiye taken don kunyar gidajen biyu, ba wanda ya sake ɗauko shi sai ni.

Na so ƙasa ta tsage in shige, amma siminti ne. Abin da ya fi muni, ni ne direban Baba a ranar. Bayan sallar magariba na ɗauko shi muka nufi Shisha, muka bi ta doguwar hanyar da aka huda cikin dutse. Sai da muka tsaya a ƙofar gida na lura har lokacin shimagin Alhaji Mudi yana kafaɗata. Baba ya miƙo hannu ya zare shi, ya ninke shi tsaf irin ninkin tela, ya sa a hammata ya hau bene.

Washegari kicin ya yi tsit. Ana jin ƙarar cokali, ana jin mai yana tafasa, amma babu waƙa. Haka jibi, haka gata. Ban san waƙar nan ce take tashe mu a gidan ba sai da ta ɗauke, kuma shirun ya fi dariyar mutane yi mini ciwo. Masa ma ta fara ƙonewa ta gefe ɗaya. Umma ba ta kula ni, in na gaishe ta sai ta amsa wa tukunya. Da na gaji na durƙusa a ƙofar kicin na ba ta haƙuri, sai ta juyo da ludayi a hannu ta wanke ni tas, rabi da Hausa rabi da Larabci. Ta ce duk matan Nakkasa sun kira ta a waya, har waɗanda ta ɗauka sun mutu. Ta ce ita ko fuskar Mudi ta manta, busar ce kawai ta maƙale mata a kai tun tana yarinya don an yi ta dura musu ita a kowane biki.

"Busar tana da daɗi," ta ce. "Mutumin ne ba shi da shi. Yalla, tashi ka ba ni wuri."

Wa'adin da Baba ya ba ni ya riga ya wuce, kuma na san ban da bakin roƙo. Na goge algaitar, na naɗe ta a tsohon tawul, na fito zan kai wa Malam Tanko. Raina a ɓace yake ƙwarai, don na san ni na kashe kaina da hannuna. Baba yana baranda a kan kekensa. Ya kira ni ba tare da ya ɗago ba, ya tambayi inda za ni, na gaya masa. Ya ci gaba da taka keke har ya kai ƙarshen layi, ya yanke zare da haƙori, sannan ya ce in zauna.

A ranar Baba ya yi mini magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Ya ce ya san taken tun kafin in san hannuna na dama, don shi ya ɗinka wa Mudi rigar da ya sa ranar da aka fara busa shi. Ya ce duk shekarun nan yana jin waƙar a kicin bai taɓa hanawa ba, saboda ya lura abinci ya fi daɗi in ana yin ta, kuma ko ba komai a gidansa ake yin ta ba a gidan Mudi ba. Fitar da yake yi baranda kuwa ba kunya ba ce, ya ce ko wane ne shi ba zai zauna ana kiran sunan wani a kan shinkafarsa ba. Sai ya saurari kicin ɗin da ba a jin komai sai ƙarar famfo.

"Ka ji yadda ka mayar mini da gida?" ya ce. "Kai ka kashe ta, kai za ka kawo wata. Ka je ka ce wa Tanko ina son nawa taken. In ya shiga kan uwarka, ka riƙe abin busarka. In bai shiga ba, halas, magana ta ƙare."

Na fita da gudu har ban lura takalmi ɗaya ba nawa ba ne. Malam Tanko ya karɓe ni da hukunci, ya mayar da ni bayan layin baya, kusa da butar shayi, ya kuma ce kada in sake taɓa makirufo har abada. Amma da ya ji saƙon Baba sai idonsa ya yi haske, don ya ce rabon da a yi sabon take a ƙungiyar tun kafin a rushe Nakkasa. Muka duƙufa. Na ɗauko masa ƙarar keken ɗinkin Baba a waya, yadda yake gudu ya tsaya, ya sake gudu ya tsaya, muka ɗora busar a kan wannan takun. Wannan karon na sa ya faɗa mini kalmomin tun kafin in sa kara a baki, na maimaita su a gabansa, na kuma je na tambayi mai ganga ko akwai wani mai rai ko matacce da ya taɓa amfani da su. Abin da take cewa shi ne: mai shiru na Rabi, ɗinki ya gama magana.

Sanya ta a kan Umma shi ne babban aikin. Na koma filin bayan gidan mai na ƙware, sannan na fara yaƙi. Ina wanka ina yin ta da hanci, ina goge takalmi ina yin ta, na sa ta zama ƙarar wayata na kuma roƙi Faisal ya yi ta kira na ba dalili. Umma ta ce in ban daina ba za ta jefa wayar a miya. Ban daina ba.

Wata Juma'a Baba ya sa babbar riga ya ce in kai shi istiraha, wurin da bai taɓa takawa ba sai don biki. Malam Tanko ya kira ni gaba da bakinsa, ya ba ni izini, na busa. Mutumin da bai taɓa jinjina ba a rayuwarsa ya miƙe a hankali, ya ɗaga hannu iya kafaɗa kamar mai tsayar da tasi, ya koma ya zauna. Na ga gefen bakinsa yana motsi. Ni kuwa hawaye ne ya zubo mini, kuma ku sani busa da kuka ba sa haɗuwa, don ta hanci ake shaƙar iskar.

Ba a daɗe ba wata safiya ina ɗaure igiyar takalmi na ji ta daga kicin, a hankali, da hanci, tana gudu tana tsayawa kamar keken ɗinki. Baba yana falo da shayinsa. Bai taɓa rediyo ba, bai fita baranda ba. Gaskiya wani lokaci in Umma ta kai tsakiya takan zame ta faɗa tsohon lanƙwason nan, sai Baba ya yi gyaran murya daga falo, ita kuma ta dawo kan hanya ba tare da ta fasa juya masa ba.

Alhaji Mudi har yanzu in ya gan ni a biki sai ya kira ni ɗansa, ya matso ya raɗa mini ko zan ɗan taɓa masa ko rabi ne. Kullum nakan ce masa karan algaitata ya tsage. Na dai koyi abu biyu: ba na sake busa abin da ban san mai shi ba, kuma in aka miƙo mini makirufo nakan ce alhamdulillahi in mayar.

Shimagin kuwa bai koma wa mai shi ba. Ranar da aka tabbatar mini da algaitata, Baba ya miƙo mini wata doguwar jaka ja da fari, an yi mata shafi, an sa mata zip da maɗauri, ɗinkin kamar na kanti. Ya ce kada in ƙara naɗe kayan sana'a a tawul. A cikinta nake zuwa kowane biki, kuma Alhaji Mudi yana gane ta daga nesa.